Kaltum ta Bencin Baya

Fensirin Kaltum ya sake karyewa. Malama Rahmat ta ga lokacin da ta danna shi a jikin benci da gangan, amma ta haɗiye, ta miƙa mata wani.

Tun farkon zango haka suke fama. Idan aka ce a yi rubutu, fitsari ya matsi Kaltum. Idan aka ce karatu, ido ya hau ƙaiƙayi. Ranar gwaji kuwa tsintsiya ta ɗauka ta shiga sharar aji, kamar wani ya sa ta. Sauran ɗaliban wannan makaranta ta unguwar Galtimari har sun fara haɗa kalmomi, ita tana nan inda aka fara.

Babu dabarar da Rahmat ba ta gwada ba. Ta dawo da ita bencin gaba, washegari ta koma baya. Ta rage mata aiki zuwa layi ɗaya. Ta yaba, ta lallasa, ta haɗa ta da Mu'mina mai ƙoƙari, sai ga Mu'mina ta koyi surutu. Zancen bulala bai ma taso ba. Iyayen da za a kira kuwa sun daɗe da rasuwa. Ga shi ko sunan malamar Kaltum ba ta kira, sai dai "ke".

Ba jarrabawa ce ke cin ran Rahmat ba. Kaltum na da ciwon suga, kuma kwalayen maganinta biyu kamar tagwaye, na safe da na dare. Bara ta haɗa su, aka kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti. Tun ranar Rahmat ce ke ware mata. Ta taɓa ɗaura jan zare a jikin na safe, zaren ya yi ɓatan dabo. Yanzu an yi wa Rahmat canjin wurin aiki zuwa Biu, tafiya ƙarshen wata, Kaltum kuwa ko a mafarki ba ta barin Maiduguri. Tsoro ya cika Rahmat, tsoron wayar da za a buga mata wata rana.

Da aka tashi ranar Alhamis ta tsare ta. Ta ajiye kwalayen a kan benci, ta durƙusa a gabanta.

"Don girman Allah, kalma biyu kawai. Safe da dare. In ba ki iya su ba, ta yaya zan tafi?"

Kaltum ta kalli hawayen da ke zubo wa Rahmat. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ɗauki alli, ta rubuta kalmomin biyu a allo, tsaf, babu gyara.

"Tun kafin azumi na iya," in ji ta.

Rahmat ta dube ta daga durƙuson. "To me ya sa kika wahalar da ni haka?"

Kaltum ta ajiye allin, ta goge hannu da bakin lafayarta.

"Ke ma dai. Wace uwa ce za ta ci jarrabawar da za ta raba ta da 'yarta ta fari?"