Bulalar Uban Aure

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda Allah ya hore wa natsuwa da sanin darajar rubutu a wannan zamani na gaggawa, ina roƙon ka ara mini hankalinka. Na koyar da yara a ƙauyukan duwatsun Puno tun kafin a ja mana wayar lantarki, ban kuwa saba ɓata tawada a kan abin da bai kai ba.

Gari na wayewa aka buga ƙofar Don Melquíades Huanca. Shi da matarsa Doña Eduviges ne suka tsaya wa Nicanor da Saturnina a coci ranar aurensu, don haka duk wata rigimar gidan a gabansu ake kwance ta, ba gaban limamin coci ba, ba gaban hukuma ba.

Saturnina ta shigo da ƙunshin kayanta a baya, ta toshe kunnenta na hagu da ulu. Jini ya bushe a wuyanta. Motar birnin Juliaca za ta tashi da hantsi, ta kuma rantse da ita za a tafi. Nicanor na biye da ita yana warin giyar jiya.

Suka durƙusa. Don Melquíades ya sauko da bulalar fata daga ƙusa, ya ajiye kusa da gicciye. Mutum ne da ba ya fashin coci, ƙauyen duka ana misali da zaman aurensa.

"Baba, mari ɗaya ne fa," in ji Nicanor. "Bakinta ya fi na rediyo."

"Rediyon ma ka kashe shi," in ji Saturnina. "Ba na jin komai ta nan."

Doña Eduviges ta zagayo ta zauna ta hagun yarinyar, ta karkato da kunnenta mai ji kamar yadda takan yi idan ana magana. Ta zare ulun, ta duba, ta mayar.

"Jin ba zai dawo ba, 'yata. Kada ki zuba mai, ƙara zafi yake yi. Ƙarar da kike ji ciki za ta lafa bayan damina."

Dattijon bai dubi matarsa ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Saturnina, ba zan ce ki koma ba," ya ce. "Ki zauna nan wurin uwar aurenki har a haƙe dankali. In wannan jakin ya bar kwalba, ke za ki faɗa mana ko kina son sa. In ba haka ba, ni zan sa ki a mota da hannuna."

Saturnina ta kwance ƙunshin daga bayanta.

Nicanor ya tuɓe bargonsa yana gunaguni. "To, a yi a gama. Waliyyai ba su san zafin mace ba."

"Jira layinka, ɗana," in ji dattijon. Ya miƙa wa Doña Eduviges bulalar, ya tuɓe nasa bargon, ya durƙusa da ƙyar a gabanta.

Ga hukuncin da ya yanke, ya mai karatu, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki: bulala uku ga duk mijin da ya kurmantar da matarsa, kuma a ɗakin nan su biyu ne.