Makokin Kande a Bakin Katanga

Tun da aka kewaye lambun birni, aka ce sai mazauna benaye za su shiga, mutanen Unguwar Majema ba su da inuwa sai wadda tsamiya ke zubowa bayan katanga. Da babu, gara ba daɗi.

Ranar da aka binne matarsa Kande, Baba Mantau ya kwaso tabarmi zai karɓi gaisuwa a wurin. Sai ya tarar an kafa wata farar fitila bisa katangar, ta cinye inuwar tas. Ko tasa inuwar bai gani a ƙasa ba.

Ya bugi ƙofar lambun da sanda. Maigadi Jatau, ɗan maƙwabcinsa, ya leƙo.

"Kai Jatau, kashe mini wannan tsiyar! Makoki nake."

"Baba, masu lambu sun ce inuwar ma tasu ce."

"Uban wa ya shuka tsamiyar? A gindinta aka yanka ragon sunanka, butulu!"

"Ni aikina nake tsaro. Zagi ba ya kashe fitila."

Haka ya shimfiɗa tabarminsa. Tsofaffi suka riƙa zuwa, ba mai iya zama. Kowa ya yi addu'a a tsaye, gumi na zuba, ya wuce. Kande da ta ciyar da rabin unguwa!

Da la'asar Jatau ya ce daga cikin sanyin ƙofa, "Baba, ya haƙuri?"

"Fito nan ka yi mini gaisuwa."

Jatau ya dubi tabarmar, ya dubi fitilar, ya ja ƙofa ya rufe.