Farin Bangon Célestine

Célestine ta tsoma buroshi cikin bokitin farar ƙasa, ta sake shafe bangon siton. Baƙin nan ya dawo. Kullum sai ya dawo.

Mu a ƙauyukan gefen Cognac, ko yaro ya san wannan baƙin. Idan barasar inabi tana tsufa cikin ganga, tururinta na ratsa katako, sai wata baƙar fumfuna ta bi shi ta hau bango har saman rufi. Da ita masu duba barasa na gwamnati ke gane inda aka yi ɓoyo. Tun shigowar Jamusawa kuwa, kowace ganga sai an bayyana ta, su zaɓi tsofaffin, a loda musu a jirgin ƙasa.

Siton gidan Célestine an riga an kwashe shi. Abin da ya rage yana can ƙurya, bayan wani sabon bango: 'yan gangunan da kakan mijinta ya bari, da kuma Gaëtan, ɗanta tilo, wanda aka kira aikin dole a masana'antun Jamus ya ƙi zuwa.

Mijinta Firmin ne ya gina bangon a lokacin kaka, ranar da ta tafi kasuwar Jarnac. Ta dawo ta tarar da shi shi kaɗai, hannu duk siminti, idanu sun yi ja. Ya ce ƙura ce. Ya nuna mata wata kafa a ƙasa, iya shigar kwano, ya kafa mata sharaɗi: ban da magana, don murya na fita har titi. Ta ƙwanƙwasa kawai, yaron zai amsa.

Haka kuwa aka yi. Da tsakar rana takan tura romon kabeji da guntun burodi, ta ƙwanƙwasa. Sai ta ji amsa daga ciki, ƙwas ƙwas. Kwanon ya dawo fes. Da wannan ƙwas ƙwas ɗin take rayuwa.

Firmin ne ke ba ta haushi. Bai taɓa raka ta bakin bangon ba. Da rana ta take sai ya ce zai zagaya baya wajen zomaye, ya dawo ya ce ba ya jin yunwa, alhali ko rama bai yi ba. Hularsa duk saƙar gizo-gizo, rigarsa ƙamshin tsohuwar barasa. Ta ce masa ɗansa na cikin duhu shi yana can yana kurɓe-kurɓe. Bai musa ba. Abin da yake ta nanata mata ɗaya ne: ta bar shafa farar ƙasar nan, ta bar bango ya zama kamar na kowa.

Ina za ta iya? Uwa ce. In ta ga baƙin ya tsiro sai ta ga kamar yatsa ne ke nuna ɗanta. Har saƙar gizo-gizon da ke kusa da kafar ta share, kada ta faɗa wa yaro a romo. Da sanyi ya shigo ta warware tsohon mayafinta, ta saƙa masa shuɗiyar riga, ta cusa ta kafar. A ranar, amsar ta daɗe kafin ta zo.

Maƙwabciyarta Honorine ta leƙo ta kan shinge tana dariya. "Célestine, bangon nan miji za ki yi masa? Kwalliyar ta isa haka." Sai kuma ta dubi fuskarta, dariyar ta mutu, ta ja kanta ciki. Kwanakin nan haka mutane ke mata, su gaishe ta a hankali kamar mai jinya.

Rambaud, mai duba barasa, ya zo ne da tsakar rana, ta tura kwanon ke nan. Sojojin Jamus biyu na biye da shi. Ɗaya ya zagaya baya ya tsaya wajen zomaye, ɗayan ya shigo riƙe da guduma.

Ta rantse masa siton fanko ne. Rambaud ɗan gari ne, tare suka tashi da Firmin. Ya cire hula, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Madam, bangon kowa a titin nan baƙi ne, naku kaɗai ke ƙyalli tun daga gada. Kuma wa ke share gizo-gizo a sito? Su ke cinye mana ƙwarin ganga. Ko ni na rufe ido, wannan na bayana ba makaho ba ne."

"Yallaɓai, ku kwashe gangunan. Duka. Ku ba ni zuwa gobe kawai, ni zan fito muku da su."

Sojan ya ture ta gefe. Bugun farko, farar ƙasa ta zubo. Na biyu, ƙamshin barasar da ta girme ta ya cika siton. Ta durƙusa tana kiran sunan ɗanta, karo na farko tun kaka, tana cewa ya yafe mata, ita ta ja masa.

Tubala suka rufta. Haske ya shiga. Ga ganguna a jere, ga wata ƙaramar ƙofa a bangon baya, daidai bayan akurkin zomaye. Babu gado, babu bargo.

A ƙasa, kusa da kafar, wani mutum na zaune da kwanon romo a hannu, shuɗiyar rigar a ninke bisa cinyarsa.

"Sun harbe Gaëtan a bakin kogi ranar da kika je kasuwa," in ji Firmin. "Na kasa gaya miki."