Zagayen Ƙarshe na Hayate

Sumie ta yanka tuffa gida takwas kamar kullum, ta miƙa masa a tafin hannu. Ya sunsuna, ya kau da kai. Kwana na uku ke nan bai karɓi komai daga hannunta ba.

Shekara goma sha tara tana shugabantar gandun Horikoshi. Filin sukuwa, masauki mai ɗaki sittin, wurin wankan ruwan zafi, duk a wuyanta suke. Ta kori manajoji, ta tsallake gobara, ta yi jana'izar miji, ba wanda ya ga hawayenta. Yau ma babu. Ta laluba zuciyarta ta ji wayam, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta.

Shi kuwa, duk tsibirin Hokkaido Hayate ake ce masa. Kofi goma sha ɗaya ya ci a wannan fili, kuma da sunansa aka gina komai, hotonsa har a jikin kwalin alewar da ake sayar wa baƙi. Yanzu ƙafafun sun gaji, idon hagu ya yi fari. Sau biyu yana ɓalle ƙofa da sassafe, a same shi tsaye a bakin layin tashi, jiki na rawa, yana jiran ƙararrawa. Makon jiya ya gantsara wa matar da ke kula da shi cizo.

"Yaya, ɗinki shida fa aka yi mata," in ji ƙaninta Tatsuo. "Gobe idan ya ciji baƙo fa? Can garin Obihiro akwai masu kula da irinsu, ga fili, ga likita."

"A nan aka haife shi."

"To sai me? Ke ma da kike ta lallaɓa shi, gane ki yake yi? Ni dai na kira mota."

Ba ta yi musu ba, don ta san bai yi ƙarya ba. Abu ɗaya ta nema. Al'adar gidan ce, duk wanda ya yi wa filin nan gudu ba ya barinsa sai an zaga da shi sau ɗaya a gaban jama'a.

Ranar Lahadi aka tsayar da tsere. Aka rataya masa furanni a wuya, Sumie ta riƙe shi, suka kama hanya a hankali. Wani dattijo mai sanda ya leƙo ta kan shinge yana ihu: "Hayate! Tun ina saurayi kake cinye mini kuɗin abinci, ja'iri!" Aka yi dariya. Sumie ta ji dariyar daga nesa, kamar a ɗakin maƙwabta.

A kwanar ƙarshe ya ɗaga kai. Ya fizge, har sai da kafaɗarta ta amsa, ya yi taku uku da sauri kamar da, sannan gwiwa ta ƙi. Ta tare shi da jikinta. Ta jira ta ji wani abu, tausayi ko haushi, ba abin da ya zo.

Motar na jira a bayan rumfa, an sauke ƙofar baya. Ma'aikata sun yi layi, sun sunkuya, ba mai ɗagowa sai motar ta ɓace. Hayate ya toge a bakin ƙofar yana waiwayen filin.

"Mu je mana," ta ce a hankali, tana gyara masa bargon da ke bayansa. "An gama."

Ya shiga.

Direba ya miƙo takarda. Ta fito da hatimin gidan, ta danna a jan tawada, ta buga, ta juya za ta tafi.

"Ranki ya daɗe, kin tsallake wuri ɗaya. Nan, inda aka ce dangantakarki da tsohon mahayin."

Ta karɓi alƙalamin, ta rubuta: 'yarsa ta fari.