Ƙwallon Bakin Layi

Fim ɗin ya kusa ƙarewa, amma tsohon da ke kan keken guragu ko motsi bai yi ba.

Dattijon da ya turo shi sinimar ya gyara masa bargo a gwiwa, ya share masa yawun gefen baki. Tun da ciwon mantuwa ya kama tsohon, ko 'yar cikinsa ba ya ganewa. Likita ya ce a gwada nuna masa abin da ya taɓa so. In wannan ma bai taɓa shi ba, to sai haƙuri.

Labarin wasu zakarun tanis biyu ne na zamanin da. Ɗaya ana ce masa Ƙanƙara, ko zaginsa aka yi ba ya ɗaga gira. Ɗayan kuwa Barkono, sarkin fasa raket ɗin buga ƙwallo, mai zagin alƙalin wasa har kakanninsa. 'Yan kallo sai kwasar dariya suke da haukan Barkono. Dattijon bai yi dariya ba, yana dai murza kantar da ke tafin hannunsa.

"Kana gani kuwa?" ya raɗa wa tsohon.

Aka zo wasan ƙarshe, saura maki ɗaya. Barkono ya zabga ƙwallo, ta dira can bakin layi. Alƙali ya ce ta fita. Ƙanƙara ya ɗaga kofi ko murmushi babu, Barkono na ta dukan ƙasa yana kururuwa.

Dattijon ya leƙa fuskar tsohon. Idanun nan dai kamar na mai kallon bango. Shi ke nan, an rasa shi.

Aka kunna fitilu, mutane suka watse. Dattijon ya miƙe da ƙyar, ya kama hannuwan keken, ƙwalla na cin idonsa. Don baƙin ciki, har magana ta kuɓuce masa.

"Wallahi ƙwallon nan a kan layi ta faɗa!"

Sai ya ji an damƙe masa wuyan hannu, riƙo mai ƙarfin gaske. Tsohon ya ɗago ya zuba masa ido, ko gira bai ɗaga ba.

"Waje ta faɗa, Barkono. Har yau ba ka daina ƙarya ba?"