Ƙarfen da Ya Amsa

"Malama, wallahi ban ɗauka ba."

Yarinyar na durƙushe gaban allo, ni kuma na zazzage jakarta a ƙasa. Ita ta share ɗakin gwaje-gwaje jiya, yau kuma ɗaya daga tagwayen ƙarafan darasin sauti ya yi ɓatan dabo, har da ɗan akwatin katakon da yake tsaye a kai. Tuni na aika a kira mahaifinta.

"Ku ji abin da ta hana ku gani," na ce wa 'yan ajin. "Ƙarafan nan masu yatsu biyu muryarsu ɗaya. In ka bugi wannan, ɗan'uwansa zai amsa daga nesa, ba tare da an taɓa shi ba."

Don haushi na doki wanda ya rage da ƙarfi, sannan na damƙe shi ya yi shiru.

Amma amon bai yanke ba.

Siriri ne, amma kowa ya ji. A hankali idanu suka koma kan kabad ɗin da ke bayana, wanda na kulle jiya da hannuna, makullin kuma yana rataye a wuyana.

Sai ga sallama a bakin ƙofa.

"Malama, an ce kina nemana?"