Gahawar Mbok Tumirah

"Ku ɗaure mijinta Wagiman, bulala ashirin!" in ji Tuan Verhoef, Baturen Holan mai kula da gonakin gahawa. Ya kama Mbok Tumirah tana dafa gahawa, alhali an hana talakan tsibirin Jawa tsinkar ko ƙwaya ɗaya.

Sai dai ƙamshin ya fi ƙarfinsa, ya ce zai ɗanɗana shaida. Ya shanye ƙoƙo uku, har da lasar gashin baki.

"Ko Gwamna bai sha irin wannan ba! Tsohuwa, a wace bishiya kuka sata?"

"Ranka ya daɗe, wallahi ba mu taɓa bishiyarku ba. Kyanwar daji ke cinye 'ya'yan, mu kuma mu tsince ƙwayar a kashinta." Ta ɗaga buta. "Ko kashin ma naku ne? A ƙara maka?"